Amsa ga mai tambaya: wa ya kashe tsuntsayen bakin teku?

Salamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a gaban jama'a, wai in aka wayi gari da gawar tsuntsaye dubbai zube a bakin teku ai guba ce aka zuba ko ɗanyen mai, ana dai ɓoyewa ne. To ban ga laifinka ba, don ya taɓa faruwa, a 1989 jirgin Exxon Valdez ya tsiyayar da mai a Alaska, tsuntsayen teku wajen 250,000 suka halaka. Amma shi mai ba ya ɓuya fa. Gashin tsuntsun zai manne baƙi ƙirin, ruwa ya ratsa har fata, sanyi ya gama da shi.

Wanda ya fi tada min hankali shi ne wanda za a ɗago tsuntsu gashinsa tas, ba rauni ba komai, amma ba nauyi, ka shafa ƙirji ka ji ƙashi ya fito kamar bakin wuƙa, a buɗe ciki a tarar wayam. Wannan yunwa ce. Haka aka gani daga 2015 zuwa 2016, tun daga Kalifoniya har Alaska, an tsinci gawar wani tsuntsu da suke kira murre kimanin 62,000, kuma waɗanda ruwa ya turo bakin gaɓa ke nan kawai, binciken da ya fito a 2024 cewa ya yi wajen miliyan 4 ne suka mutu a Alaska kaɗai, kusan rabin waɗanda ke can ke nan. Ruwan tekun Fasifik ne ya yi ɗumi fiye da ƙima tun 2014, ƙananan kifayen da suke ci suka ragu suka rame, manyan kifaye kuma zafi ya ƙara musu ci suka dinga wawure ɗan abin da ya saura. Shi kuwa wannan tsuntsu, bawan Allah, sai ya ci kusan rabin nauyin jikinsa kullum, kuma da nutso yake nema, wani lokacin ya wuce mita 100. Kwana kaɗan ba abinci shi ke nan. Wallahi in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Sai murar tsuntsaye. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Senegal, galibi 'yan ƙanana, a 2022 kuma ta yi ɓarna a Peru da tsibiran Sikotilan. Akwai ma dafin gansakukar ruwa da ke bi ta cikin kifi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Don haka in ka ci karo da irin wannan, don Allah kar ka taɓa da hannu, ka janye yara da karnuka, ka ɗauki hoto daga nesa ka sanar da likitocin dabbobi, su ne za su kai gawar ɗakin gwaji tun kafin ta ruɓe.

Naka,
mai bibiyar lamarin tsuntsaye