Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: Idon da ba ya rufuwa ba zai iya jira ba

Assalamu alaikum Yallaɓai Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate. Da fatan aiki yana tafiya lafiya, Allah ya ƙara taimako.

Ranka ya daɗe magana ce a kan ido ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka, idon mutanen da ɓarin fuskarsu ya shanye, wanda mutanenmu ke cewa baki ya karkace ko aljani ya mare shi. Kai likita ne ba sai na maka dogon bayani ba, ka san in jijiyar fuska ta bakwai ta samu matsala tsokar da ke rufe ido sai ta daina aiki, ita kuma wadda ke ɗaga fatar ido jijiyarta daban ce tana nan lafiya lau, sai ido ya zauna a buɗe dare da rana. Mai lafiya yana ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya bai ma san yana yi ba, duk ƙiftawa tana shafa hawaye a kan idon tana share ƙura. Shi wannan bawan Allah ko barci yake rabin idonsa a buɗe yake. To ka haɗa wannan da hazon hunturu na Arewa, da hayaƙin itace a madafa, da ƙurar da ɗan acaɓa ke sha tun safe. Na yi aikin jinya a ɓangaren ido kuma na ga yadda abin ke tafiya da idona: farko ido ya yi ja yana zubar da ruwa, mutum yana ta gogewa da bakin mayafi ko hannun riga, sai wani ɗan farin tabo ya fito a ƙasan baƙin idon, sai ya zama gyambo, kafin a kawo shi wurinmu idon ya yi fari fat. Bakin da ya karkace sau da yawa yana dawowa daidai da kansa, amma idon ya riga ya tafi, wallahi wannan shi ne abin da ke ƙona min rai.

A Amurka da Turai masana sun daɗe suna neman yadda za su dawo wa irin waɗannan mutane ƙiftawa da na'ura mai aiki da lantarki, tun shekarun 1970 aka fara gwada dabarar a kan dabbobi. Yadda abin yake shi ne, sai a sa wata 'yar waya a ɓangaren fuskar da ke da lafiya tana sauraron lokacin da ido zai ƙifta, da ta ji sai ta aika ɗan lantarki kaɗan zuwa jijiya ko tsokar ɓangaren da ya shanye, sai idanun biyu su rufe tare. A shekarar 2015 likitoci a asibitin ido da kunne na Massachusetts da ke Boston sun gwada a kan mutum 40 da fuskarsu ba ta daɗe da shanyewa ba, a saman fata suka manna wayoyin, kuma sama da rabinsu idon ya rufe ruf. A 2019 kuma a can ɗin dai aka dasa irin na'urar a jikin ɓeraye aka naɗa wayar a jikin jijiyar kanta, ido ya ƙifta. A Tampere ta ƙasar Finlan ma ana irin wannan binciken. Har yanzu ba ta zama abin da ake dasa wa kowa a asibiti ba, akwai sauran aiki a kan zafin da lantarkin ke sa wa da gajiyar tsoka da yadda waya za ta zauna a fuska shekaru ba ta lalace ba, amma duk wanda ya ga yadda na'urar daidaita bugun zuciya da wadda ake dasa wa kurame a kunne suka zama ruwan dare ya san wannan ma tana tafe in sha Allah.

Ni ba ina ce maka ka je ka sayo mana ita gobe ba ne, Yallaɓai. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ranar da za ta iso wa za ta tarar? Lantarki ba ya motsa tsokar da ta riga ta tsotse, kuma tsokar fuska in ta yi shekara ɗaya zuwa biyu ba jijiya sai ta shanye gaba ɗaya ta zama ba ta amsawa. Idon da gyambo ya cinye kuma ko ya ƙifta sau dubu ba gani zai yi ba. Kenan duk wanda muka bari yau ya lalace mun cire shi daga cikin masu amfana tun kafin maganin ya zo, kuma abin da ake buƙata don a tsare shi ba wani abu ba ne mai tsada: maganin ɗigawa mai jiƙa ido da rana, man ido da dare, filasta a manne fatar idon kafin a kwanta, tabarau saboda ƙura, sai ƙwayar prednisolone mai rage kumburin jijiya da ya kamata a fara cikin awa 72 ga mai irin shanyewar nan ta farat ɗaya. Awa 72 fa, kwana uku kenan! A waɗannan kwana ukun mutanenmu suna wajen mai hayaƙi ko ana tsaga musu kumatu ko ana ta murza fuska da man zafi, kuma ba zan ga laifinsu ba tunda ba wanda ya taɓa gaya musu, ko a kemis suka je sau da yawa maganin jan ido za a miƙo musu ba wanda zai ce rufe idonka in gani.

A Disambar 2023 an ƙaddamar da shirin farfaɗo da harkar lafiya a Abuja, da bakinka ka yi alkawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 na matakin farko, aka ce cibiyoyin lafiya masu samun tallafi kai tsaye za su tashi daga wajen 8,800 su haura 17,000. Mun ji mun yi murna mun sa albarka. To tambayata ita ce, a cikin horon nan akwai awa ɗaya tak da aka ware a koya wa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi cewa in ya ga karkataccen baki ya fara duba ido? Ya san bambancin wannan da shanyewar ɓarin jiki, ya ce wa mara lafiya ɗaga girarka, in goshin ma bai motsa ba to jijiyar fuskar ce, in goshi na motsi kuma hannu ya yi nauyi to a ruga babban asibiti? Ya leƙa kunne ya ga ko mugunya ce ta daɗe har ta taɓa jijiyar? Ya iya manna filasta yadda gashin ido ba zai riƙa gogar baƙin ido ba? Dan Allah Yallaɓai ka sa a duba, in babu a sa, takarda shafi ɗaya ta isa, a rubuta ta da Hausa da sauran harsunan ƙasar nan a manna a bangon kowace cibiya, a kuma faɗa a rediyo tunda shi ne abin da ɗan ƙauye ke ji.

Sannan ga maganar masu cutar kuturta wadda har yau ban huce ba. Kowa ya san wannan cuta tana kama jijiyar fuska tana hana ido rufuwa, wani lokaci ma ta kashe jin da ke kan idon sai tsakuwa ta shiga mutum bai ji ba, shi ya sa makanta ta yi musu yawa. Najeriya na samun sababbin masu kamuwa sama da 2,000 duk shekara, maganin kuma kyauta Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, amma aka yi kusan shekara guda cur bai shigo ƙasar nan ba saboda tsaikon takardun gwaji da NAFDAC ta nema, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Haba Yallaɓai! Ni ban ce kar a gwada magani ba, gwaji dole ne, amma shekara? Jijiyar da ta lalace a wannan tsakanin ba takardar da za ta dawo da ita. Wa ya bi sawun mutanen nan ya duba idanunsu bayan maganin ya zo? Muna son mu ji an yi wannan ƙidayar kuma a faɗa mana me aka tanada don kar a maimaita.

Waɗanda fuskarsu ba ta dawowa daidai kuma akwai aikin da aka daɗe da sani, a ɗinke gefen fatar ido a rage buɗewar, ko a dasa ɗan ƙaramin zinare a fatar sama nauyinsa ya riƙa saukar da ita, ko a juyo tsokar gefen kai ta taimaka. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Cibiyar Kunne ita ma a Kaduna, ga asibitocin koyarwa a Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, a ɗauki ko guda biyu a haɗa likitan ido da na kunne da na gashin ƙashi waje ɗaya su zama masu kula da jijiyar fuska, ranar da na'urar ta fito a samu masu hannun dasa ta da marasa lafiyar da aka san tarihinsu. A sa waɗannan ayyuka a inshorar lafiya tunda dokar 2022 ta ce inshora dole ce. Kai da kanka ka ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun nan, na san hannu ya yi kaɗan, shi ya sa ma nake cewa a fara da abin da ma'aikacin ƙauye zai iya. Injiniyoyinmu na jami'a ma da za a haɗa su da likitoci a ba su kuɗin bincike da ba za su rasa abin da za su taɓuka ba, amma wannan maganar wata rana ce.

Roƙona dai kafin hunturu mai zuwa a fitar da umarni zuwa jihohi: maganin jiƙa ido da man ido da filasta da prednisolone su kasance a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, kuma duk wanda idonsa ya ƙi rufuwa a tura shi wajen likitan ido a cikin satin da aka gan shi. Ina sauraron amsar ma'aikatarka.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Daga wani tsohon ma'aikacin jinya na ɓangaren ido, Kano.