Babana, kada ka ɗauki takarda ka shiga da ita

Assalamu alaikum, Babana.

Muna lafiya, sai ƙafar Inna da ta motsa da shigowar sanyi.

Ɗan kawunka ya zo hutu da maganar da ta hana ni barci. Wai ka faɗi gwajin aljabara, kuma tun daga nan ake ganinka tare da yaran da ke shiga jarrabawa da 'yan takardu a cikin safa.

Faɗuwar ba ta tayar mini da hankali ba. Da alli na ci da ku, na san inda ake tuntuɓe. A sakandare matiris ake ba ka, wato lambobin da aka jera sahu-sahu, ka ninka, ka fitar da ditaminan, lambar nan guda da ake samowa daga cikinta, ka kwashi maki. Yanzu a jami'a hujja ake nema: me ya sa matiris ba ta juyuwa in ditaminan ɗinta sifili ne? Ga bekta, wato abu mai tsawo da alƙibla kamar kibiya: me ya sa kowane tushe na sararin bekta guda, 'yan bektocin da ake gina sauran da su, yake da yawan bekta ɗaya? Hadda ba ta fisshe ka a nan. Rubuta ma'anar kowane abu, rufe littafi, ka gina hujjar da hannunka har ta tsaya. Kalkulas ɗin ma, lissafin yadda abu ke sauyawa, haka yake: mai tsaye a gefen dutse, gangaren gabas daban, na arewa daban, ka riƙe ɗaya, ka motsa ɗaya. Nan ne bakin zaren.

Amma satar amsa! Wanda ya faɗi, maimaitawa zai yi baɗi. Wanda aka kama, kwamiti zai gurfana, a kore shi, ya dawo garin nan da akwati a ka. Ni da na sha kwace takarda a hannun 'ya'yan mutane, da wane ido zan kalli sahun masallaci? Ko ba a kama ka ba, albashin da za ka ci da wannan shaidar fa? Haka muka rene ka?

Na san kana cewa ni na tura ka lissafi. Ƙwarai, ni ne, don na ga kanka tun kana firamare. Farfesa Iya Abubakar wannan karatun ya yi har Kambirij, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1975.

In maganar ƙarya ce, Allah ya huci zuciyarka. In gaskiya ce, ka rabu da yaran nan yau. Je ka sami malaminka a ofis da tambayoyinka a rubuce. Kuɗin littafin da ka nema suna hannun direban da ya saba. Ka kira mahaifiyarka ran Juma'a, ban gaya mata komai ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.