Ba duk roba ce iri ɗaya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan sharar roba, domin sau da yawa ana yi mata kuɗin goro, alhali iri biyu ce tun daga yadda ake haɗa ta.

Ledar da muke zuba kaya a ciki, wato foliyetilin, ana samun ta ne idan ƙananan ƙwayoyin iskar etilin suka kama juna suka zama doguwar sarƙa, ba tare da an zubar da komai ba. Sarƙar nan sinadarin kabon ne riƙe da kabon daga farko har ƙarshe, shi ya sa ruwa da ƙwayoyin halittar ƙasa ba su da inda za su kama ta. Rana tana farfasa ta gutsu-gutsu, amma ba ta ruɓewa kamar ganye.

Gorar ruwa mai lamba 1 a gindinta, wato PET, daban take. Wurin haɗa ta, duk inda ƙwayoyi biyu suka ƙullu sai ɗan ruwa ya fita, kuma wannan ƙullin ana iya kwance shi a dawo da sinadaran asali. A 2016 masana a Japan sun ba da rahoton wata ƙwayar bakteriya mai cin PET, ko da yake a hankali take ci.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙona su a haɗe. Bututun PVC mai lamba 3 yana ɗauke da sinadarin kulorin, hayaƙinsa yana cin huhu. Don Allah jaridarku ta koya wa jama'a duba waɗannan lambobi kafin su zubar.

Naka,
Wani mai karatu