Godiya ga injiniyar da ta hana ni goge pg_wal da tsakar dare

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa ta kamfanin da muke hayar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, a wajensu ce, musamman ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki.

Daren Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe 2, rumbun bayananmu na PostgreSQL ya tsaya cak. Na shiga sabar na duba, faifai ya cika maƙil, kashi 100. Da na bi sawu sai na tarar jakar pg_wal ce ta cinye wurin, fayiloli masu megabait 16 kowanne sun taru jibgi guda. Wallahi har na rubuta umarnin gogewa, saura in danna. Allah ya sa na fara buɗe tikitin neman taimako.

Ban sa rai da komai ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A kamfanin da muka baro, amsa biyu ce kawai: ka kashe ka kunna, ko ka sayi babban faifai. Wani lokacin ma sai gari ya waye, sannan saƙo ya zo cewa suna "dubawa".

Ko minti goma ba a yi ba wata injiniya ta kira ni. Kafin mu gama gaisawa ta ce, "Malam, don Allah ɗaga hannunka daga jakar nan." Ta yi min bayani cewa a waɗannan fayiloli rumbun yake fara rubuta kowane canji kafin ya kai shi ainihin ma'ajiya, kuma in aka goge su da hannu yana iya ƙin tashi, ko ya tashi da bayanai a lalace. Ta ƙara mana wuri na wucin gadi har rumbun ya tashi, sannan ta ce in leƙa pg_replication_slots, wato jerin guraben da ake buɗe wa sabobin da ke kwafar bayanai daga rumbun. Ashe wata sabar gwaji ce da muka kashe watanni da suka wuce muka bar gurbinta a buɗe, shi kuwa PostgreSQL yana ta tara mata fayiloli, yana jiran ranar da za ta dawo ta karɓa. Laifina ne tsaf, amma ko a muryarta ban ji gori ba. Muka cire gurbin, jim kaɗan wuri ya dawo. Ta kuma sa na saita max_slot_wal_keep_size, wato iyakar abin da rumbun zai tara wa gurbi, wanda ya zo tun siga ta 13 ta PostgreSQL a 2020, ni ban taɓa kula shi ba.

Sauran aikin, kamar sa iyaka ga bayanan da manhajojinmu da ke aiki cikin kwantenonin Docker ke zubarwa da ƙararrawar cikar faifai, duk an gama kafin asuba.

Tambayarta ta ƙarshe ce ta sa na yi tsit: yaushe rabon da mu gwada dawo da ajiyarmu ta ko-ta-kwana? Abin da ke ba ni haushi ke nan da wurare da yawa. Za a karɓi kuɗin ajiya duk wata, ba wanda zai ce maka zo mu gwada ko tana buɗuwa. Masu amsa kira kuma an ba su takarda su karanta, ba a ba su izinin taɓa komai ba, sai su yi ta miƙa ka daga wannan zuwa wancan kamar ƙwallo.

Ranar Asabar mun gwada tamu, ta buɗu lafiya. Shugabannin sashen, lambar tikitin tana wajenku, za ku gane wadda nake nufi. Ku isar mata da godiyata, Allah ya saka mata da alheri.