Ƙuri'ar Addini da Littafin Jikata

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, ka kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar, don maganar ta daɗe tana ci mini rai. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Zazzau, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta, kafin in yi ritaya in dawo gidanmu na gado a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan. Ni mai ra'ayin riƙau ne, kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. Ina son yaro ya durƙusa idan zai gaida babba. Ina son budurwa ta fita da mayafinta, ta dawo gida kafin magariba. Ina son idan mai unguwa ya yi kira a amsa masa. A haka aka raine ni, a haka na raini 'ya'yana tara, kuma shi ya sa na ɗauki biro yanzu da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027.

Babu ɗan jihar Kaduna da ya manta zaɓen gwamna na 2023. An ɗage shi da mako guda, daga 11 ga Maris zuwa 18 ga wata, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, magidanci da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane. Makon da aka ƙara ɗin nan itace aka ƙara wa wuta. Duk wayar da ka buɗe, muryar wani ce a WhatsApp yana rantsuwa yana jan aya. Ba a zancen ruwan famfo da mu Zazzagawa muka yi shekara da shekaru muna jira. Ba a zancen 'yan bindigar da suka hana mutanen Giwa da Birnin Gwari zuwa gona. Zance ɗaya ne, tikitin Musulmi da Musulmi. Alhali manyan 'yan takarar biyu, Sanata Uba Sani na APC da Isa Ashiru Kudan na PDP, alƙibla ɗaya suke kallo. Kujerar mataimaki ce aka ɗauka aka mai da ita kamar rukunin imani. Da aka gama ƙidaya, Uba Sani ya tashi da ƙuri'a 730,002, Ashiru yana da 719,196. Ƙuri'a 10,806 ce kawai tsakaninsu a jiha mai ƙananan hukumomi 23, kuma sai da shari'ar ta kai Kotun Ƙoli kafin ta ƙare a Janairun 2024.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma inda aka nuna mana a masallaci can na dangwala. Da zuciya ɗaya na yi, ina ganin addinina nake karewa da tarbiyyar jikokina.

Ba a rufa shekara ba Allah ya nuna mini inda tarbiyyar jikokin nawa take. Ina da jika 'yar shekara goma sha ɗaya, a lokacin tana ajin farko na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Zariya. Wata rana bayan la'asar ta kawo mini aikin gida in duba mata, don har gobe ni ne malamin gidan. Na buɗe littafin kimiyya, na kai wani babi, sai na rufe shi na ce ta je ta kira mini uwarta. Abin da na gani ba na rubutawa a jarida ba ne. Iyakar abin da zan ce, magana ce da a gidanmu uwa ko goggo ke yi wa yarinya a ɗaki idan aure ya gabato, ga ta nan an zana da hotuna, an miƙa wa malami namiji ya karanta a aji mai maza da mata. Kada wani ya ce tsohon bai waye ba. Na koyar da tsafta da kiwon lafiya shekaru masu yawa, na san dole yarinya ta san jikinta, kuma Ahalarin da muka karanta a zaure ya yi bayanin haila da wanka ba tare da noƙe-noƙe ba. Amma akwai bakin da ya kamata maganar ta fito daga gare shi, akwai lokacinta, akwai kuma lafazinta.

Washegari na sa babbar riga na tafi makarantar. Mai makarantar ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Baba, ba mu muka rubuta ba. Haka littafin yake a kasuwa, kuma daga cikinsa ake fitar da jarrabawa." Na dawo na nemi samarin da suka yi ta sintiri a zaurena lokacin kamfe suna ce mini jihadi ake yi. Na ɗaya ya ce yana Kaduna zai kira ni. Na biyu wayarsa ba ta shiga. Na san a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire koyar da harkar jima'i daga manhajar makarantu, na kuma ji gwamnatin Kano ta hana amfani da wasu littattafai a 2023 saboda irin wannan dalili. To amma umarni yana kan takarda, littafi kuwa yana cikin jakar yarinya.

Sai ranar taron iyaye da malamai. Kafin in ɗaga hannu wani dattijo ya riga ni miƙewa, riƙe da littafin nan. Tsohon abokin aikina ne, mutumin Wusasa, Kirista, Bahaushe kamar ni, shekara takwas muka yi muna koyarwa a makaranta ɗaya. Da azumi bai taɓa kai loma bakinsa a gabana ba. Da Kirsimeti maiɗakinsa takan aiko mana da shinkafa ɗanya da kaza mai rai, don mu yanka da hannunmu. Tun zaɓen nan muka daina gaisawa. Ba wani faɗa muka yi ba. Wani saƙo na tura a zauren WhatsApp na tsofaffin malamai, shi ma ya mayar da nasa mai zafi, shi ke nan zumuncin shekara talatin ya tsinke. Ban ma san jikarsa tana makarantar ba.

Ya buɗe babin ya ɗaga sama ya ce, "Ban kawo jikata nan don a koya mata wannan ba. Wannan aikin uwarta ne da iyayenta mata na zumunta." Wallahi, Malam Edita, kamar daga bakina ya ciro maganar. Na miƙe na mara masa baya, iyaye mata suka ɗauka, kafin a tashi makarantar ta yarda a tsallake babin a aji, a bar wa iyaye su yi bayani a gida. A bakin ƙofa ya ce mini, "Malam, ashe kana nan?" Na ce, "Ina nan, Malam. Ka yafe mini." Ya kama hannuna bai sake ba har muka kai titi.

Tun ranar nake tambayar kaina, wa ya raba ni da mutumin nan, kuma me aka ba ni a madadinsa?

Ina bin labaran duniya a rediyo, kuma akwai wani zaɓen gwamna a Amurka da ya tsaya mini a rai, na jihar Bajiniya a 2021. Jiha ce da Joe Biden ya lashe da ratar kusan kashi goma cikin ɗari shekara guda kafin nan. A wata muhawara, ɗan takarar Dimokurat, Terry McAuliffe, wanda ya taɓa yin gwamnan jihar, ya ce shi bai ga dalilin da iyaye za su riƙa faɗa wa makarantu abin da za su koyar ba. Abokin karawarsa na Rifablikan, Glenn Youngkin, ya kama wannan furuci ya yi ta yawo da shi, ya kuma ci zaɓe da ratar kusan kashi biyu. Ba ina yabon 'yan mazan jiyan Amurka ba ne, don ban manta dokar 2017 da ta hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shiga ƙasarsu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, iyayen can sun sa ɗan takara ya faɗi matsayinsa a kan abin da ke cikin aji. A jihar Maryland kuma iyaye Musulmi da Kirista ne suka haɗu suka kai ƙara a kan littattafan labaran auren jinsi da ake karanta wa ƙananan yara, har Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya a Yunin 2025, ta ce suna da damar cire 'ya'yansu daga waɗannan darussa. Mu da muka fi su riƙo da addini, mu da ƙasarmu ta haramta auren jinsi da doka tun 2014, mai masallaci da mai coci duk suka yi na'am, mun kasa zama inuwa ɗaya mu duba littafin aji ɗaya.

Duk mai ra'ayi irin nawa ya zauna ya yi lissafin abin da ya rage mana na gado. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, aka sauke hakimai 313 da dagatai fiye da dubu huɗu. Hujjar da aka bayar ita ce ƙananan hukumomi ba sa iya biyan albashinsu, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba, don an yi ta ƙirƙirar gundumomi saboda siyasa. Amma dagaci ba albashi ba ne kawai. Shi ya san baƙon da ya sauka a gari jiya da dare. Shi ke sasanta miji da mata kafin a je gaban alƙali, shi ke raba manomi da makiyayi kafin a zare adda. A 2020, lokacin korona, an loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. Ni ma ba na son ganin yaro ɗan shekara bakwai da roba a hannu a unguwar PZ ta nan Zariya, bara ba karatu ba ne. Amma tsangaya ita ce ta haifi malaman Zazzau tun kafin Bature ya zo, tun kafin a yi Alhudahuda da Barewa da Jami'ar Ahmadu Bello. Gyara take bukata, da abinci da ɗaki da albashin alaramma. Sai dokar wa'azi da aka kawo a 2016, wadda ta nemi mai wa'azi ya karɓi lasisi, malamai da fastoci da yawa suka yi ta kuka da ita. Duk waɗannan an yi su, kuma da zaɓe ya zo ba wanda ya sa su a ma'auni. An ce mana mu duba sunan mataimaki kawai.

Yau kuma waɗanda suka tsaya a dandamali ɗaya suna ɗaga hannun juna a 2023 ba sa ga maciji. Su sun canza abokai. Mu talakawa aka bari da gabar da aka dasa mana.

Gabar nan kuwa ba abin wasa ba ce a jiharmu. Ina da rai a Fabrairun 2000 lokacin rikicin shari'a a Kaduna. Ina da rai a Nuwamban 2002 lokacin rikicin gasar sarauniyar kyau. Na ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, har nan Zariya hayaƙi ya tashi. Garin Kaduna da muka sani a cakuɗe ya rabu biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi sun koma arewa, Kirista sun koma kudu. Ina goyon bayan kotunan shari'a, kuma ina ganin Gwamna Ahmed Makarfi ya yi hikima da ya bar Musulmi da kotunsu, ya bar waɗanda ba Musulmi ba da kotun gargajiya. Wannan ya nuna ana iya riƙe addini da ƙarfi ba tare da an ƙona gidan maƙwabci ba.

Ina girmama malamanmu, a gabansu na durƙusa na yi karatu, kuma ba na cikin masu cewa malami ya yi shiru a kan siyasa. Roƙona gare su shi ne, idan ɗan takara ya zo neman albarka, kada a tsaya a kan sunansa da na mataimakinsa. A tambaye shi a gaban jama'a: wa ke tantance littattafan da ake sayar wa makarantun kuɗi, kuma iyaye suna da kujera a wurin? Me zai yi wa dagatai da masu unguwanni? Nawa zai ware wa tsangayu a kasafin kuɗi? Me zai yi a kan ƙwayoyin da suka cinye samarinmu a lunguna? A ɗauki amsarsa a waya kamar yadda ake ɗaukar wa'azi, a ajiye, bayan shekara biyu a kunna masa. Fastocin Wusasa da Sabon Gari da Kafanchan su ma su yi wa nasu baƙin waɗannan tambayoyi, don na tabbata damuwarsu ce.

Mu dai mun fara namu. Mu huɗu ne, ni da abokina da iyaye mata biyu, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce, ɗaya malamar Islamiyya. Kafin kowane zango mukan karɓi jerin littattafan makarantar mu karanta shafi-shafi, wata Asabar a zaurena, wata Asabar a gidansa. Mun gama na aji ɗaya da na aji biyu, mun sami wurare uku da muka nemi a gyara, an gyara biyu. Na aji uku ne a hannunmu yanzu, kuma idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, don haka duk uba ko uwa a Zariya da ke da lokaci ranar Asabar bayan la'asar, muna bukatar ƙarin masu karatu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon hedimasta,
Ƙofar Gayan, Zariya.