A dawo mana da Bonanza cikin harshen Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan tsofaffin shirye-shiryen talabijin ya tuna mini da Bonanza, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1959 zuwa 1973.

Abin da ya riƙe zukatanmu shi ne gidan Ben Cartwright a gandun kiwonsa na Ponderosa. 'Ya'yansa uku, Adam da Hoss da Little Joe, kowa da uwarsa, amma ba ka jin 'yan ubanci. Sukan yi sa-in-sa wajen cin abinci, da uban ya yi gyaran murya sai kowa ya nutsu. Yaranmu na bukatar ganin irin wannan zumunci.

Ina roƙon gidajen talabijin namu su sayi izinin nuna shi, a fassara shi da Hausa kamar finafinan Indiya, a riƙa sa shi bayan sallar isha'i.

Naku,
Mai karatu daga Kano