Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana A Kan Wata Kalma Da Na Tsinto Masa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau uku. Ka ce an ba ka gurbin ƙaro karatu, a mako ɗaya kuma an kira ka aiki, ka rasa wanda za ka ɗauka, har barci ya ƙaurace maka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da ka ba halin da kake ciki da Turanci, wato dilemma. Ban yarda da wannan suna ba. Kalmar daga Girkanci ta fito, kuma galibi ana faɗinta ne idan mutum ya shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki, duk inda ya juya akwai cuta. To kai wace kura ce a gabanka?

Wannan ya sa na kwana biyu ina laluben manyan ƙamusoshi, ina neman kalmar da ta dace da kai. Na kuwa same ta: bivious. Ana furta ta kamar "bibiyas". Da na fara jin ta sai ta yi mini kama da "bibbiyu" ɗinmu, amma kamar sauti ce kawai, babu dangantaka. Daga harshen Latin take: bi na nufin biyu, via na nufin hanya. Ma'anarta abin da ke da hanya biyu, ko wanda ke kaiwa ɓangare biyu. Romawa suna kiran wurin da hanya ta rabu biyu bivium, abin da mu muke cewa mararraba.

Kalmar ta tsufa ƙwarai, yawancin Turawan ma ba su taɓa jin ta ba, don haka kada ka sa ta a takardar neman aiki. Amma 'yan uwanta kullum suna bakinka ba ka sani ba. Obvious asalinsa abin da ke kwance a kan hanya, dole ka ci karo da shi. Previous shi ne wanda ya riga ka shiga hanya. Devious kuwa wanda ya kauce daga hanya, shi ya sa ake faɗinta ga mai kwana-kwana da ha'inci. Har trivial ma ana danganta ta da trivium, inda hanya uku suka haɗu, matattarar kowa da kowa, shi ya sa ta koma nufin abin da ba shi da wani muhimmanci. Ka ga hanya ɗaya ce ta haifi dukkansu.

Wani likita kuma marubuci a Ingila, Thomas Browne, wanda ya rayu daga 1605 zuwa 1682, ya yi amfani da kalmar a wani littafinsa na nasiha da aka buga a 1716, bayan rasuwarsa. Yana magana ne a kan al'amura masu fuska biyu, ya ba da shawarar a bar nagarta ta yanke hukunci. Wannan ita ce shawarata gare ka ni ma. Idan duka hanyoyin halal ne, ka daina auna su da albashi da sunan digiri kaɗai. Ka tambayi kanka: a wacce zan fi riƙe addinina da mutuncina? Da waɗanne irin mutane zan riƙa wuni? Wacce ce idan na bar ta yau za ta jira ni shekara uku, wacce ce kuma idan ta rufe ta rufe ke nan? Tambayar ƙarshen nan ka zauna da ita sosai, domin hanyoyi biyu suna iya kasancewa a buɗe yau amma ba rana ɗaya za su rufe ba.

Lokacin da nake shekarunka hanya ɗaya ce a gabana. Kakanka ya kwanta ciwo, na ajiye karatu na kama aikin da ya samu, babu wanda ya tambaye ni me nake so, ni ma ban tambayi kaina ba. Ban yi nadama ba, da shi na raine ku. Amma da na ga kana kuka da ƙofa biyu a buɗe, wallahi hawayen godiya ne ya zo mini. Abin da na yi ta roƙar muku ke nan.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Kada ka amsa wa ɓangarorin biyu kana jan su da "ina zuwa", wannan cin amana ne, kuma wani yana can yana jiran gurbin da ka riƙe. Ka yi istihara, ka nemi mutum ɗaya da ya bi kowace hanya ka ji daga bakinsa, sannan ka yanke. Wanda ka bari, ka rubuta musu takardar godiya cikin ladabi. Ni ba zan zaɓa maka ba, ko da ka roƙe ni, amma duk wadda ka ɗauka ina bayanka.

Ka turo mini ranar da kowannensu ya ce wa'adin amsa zai cika, kuma ka kira mahaifiyarka a daren nan, tun da ta ji ba ka barci hankalinta bai kwanta ba.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka.